Farantin Dorkas da Ƙaton Injin Sulemanu

Malam Sulemanu ya daɗe yana gyaran injinan gurzar auduga a Funtua, amma idonsa na manomi ne. A 1988 ya tashi haɗa injin da zai sassaƙa rubutu a jikin ƙarfe bisa umarnin wata 'yar kwamfuta. Ebele mai kayan lantarki ya nuna masa ƙananan injina masu tafiya taki-taki, waɗanda ke tsayawa cak in an tsayar da su. Sulemanu ya ture su, ya ɗauki ƙato, yadda ake zaɓen bijimin huɗa.

Ranar gwaji muka taru, fasto ya yi addu'a. Sai ga Sulemanu ya ciro farantin tagulla na auren matarsa Dorkas daga bango, wai zai rubuta sunanta. Kwamfuta ta ce tsaya, ƙaton bai ji ba. Ya huda faranti, ya keta tebur, muna tsaye baki buɗe.

Dorkas ta mayar da farantin bango, daidai inda mijinta yake fuskanta in ya zauna cin tuwo. Har ya rasu ba ta sauke shi ba.