Masaukin da Na Zaɓar wa Inna

Shekarun baya, tun Gummi da Anka da Bukkuyum duk muna ƙarƙashin Sakkwato, ina sabon malamin firamare a Bukkuyum, na yi wani zaɓi da har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Gummi, ciwon gwiwa ya sa ta gaba. Macen da ta saba zuwa fadama da ƙafa ta dawo da dami a ka, sai ga ta ko tsakar gida ba ta ƙetarewa sai da sanda. An sha sassaƙe, an yi ƙaho, an yi allura, ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Ana cikin haka wani abokina ɗan Anka, direban babbar mota da ke kai albasa kudu, ya ba ni labarin wani ƙauye da ke kan hanyarsa, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙasa da zafinsa, ba wanda ya hura masa wuta. Ya ce ya ga tsofaffi masu sanyin ƙashi suna zuwa su yi 'yan kwanaki suna shiga ruwan.

Wata uku ina lallashin Inna. Ba ta taɓa wuce Gusau ba. Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi: kwana uku kawai za ta yi a can, domin ƙanwata tana da tsohon ciki, kuma ba za ta bari a haihu ba ta nan ba.

Muka yi yini biyu a gaban motar abokin nawa, Inna tana tsakiya, tana cije baki duk ramin da muka faɗa. Da hantsin rana ta uku muka isa. Abokina ya ce zai wuce ya sauke kaya, ya dawo ya ɗauke mu jibi da azahar. Ya nuna min wani gida can gangare, kusa da inda tururi ke tashi, ya ce na wata tsohuwa ne, nan baƙi ke sauka. Na hango ɗakunan ƙasa da jinka, kaji suna kiwo a bakin ƙofa. Nan take hancina ya ɗaga.

Kafin mu gama sauke ƙullin Inna, sai ga wani mutum cikin farar riga, fes da shi, da rediyo a hannu. Ya gaishe ni da "ranka ya daɗe", ni da ko gemu ban tara ba. Ya ce yana da masauki a kan tudu, ginin bulo da rufin kwano, da gado da katifa. Sannan ya sassauta murya ya ce min a can bakin ruwa maza da mata haɗe suke wanka, direbobi na zaune suna kallo, uwa irin wannan ba a kai ta wurin. Shi ya sa, in ji shi, ya gina makewayi na musamman da kwarmin siminti, ana ɗauko ruwan daga bakin maɓuɓɓugar a zuba wa baƙo, ya shiga cikin sutura.

Abokina ya ja ni gefe ya ce shi dai bai taɓa ganin an hau tudun nan da ruwa ba, in sauka in duba wurin da idona tukuna. Na ce masa shi hanya ya sani, ni kuwa tsafta nake koyarwa a aji. Ku dubi wannan magana. Biro biyu a aljihun gaba, agogo a hannu, na ɗauka duniya ba abin da ya rage ban karance ba. Ya dube ni, ya hau motarsa ya tafi.

Muka sauka a gidan tudu, kwana biyu Inna tana shiga kwarmin nan safe da yamma. In ta fito na tambaye ta, sai ta ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Ni kuwa ina kishingiɗe a katifa, mai masauki yana aiko min da shayi, yana zama muna hirar siyasa, yana yaba yadda nake riƙon uwa. Tafiyar minti goma ce zuwa maɓuɓɓugar, ban taka ba ko sau ɗaya.

Ranar da za mu tafi, da safe na wanke wa Inna zanenta, na zagaya bayan gidan ina neman igiyar shanya. Akwai wata ƙaramar ƙofar langalanga, na tura. Sai ga ganguna biyu na ƙarfe a kan duwatsun murhu, sun yi baƙi ƙirin, wuta na ci a ƙarƙashinsu. Wani magidanci mai aikin gidan yana jan guga daga rijiya yana juyewa a ciki. A gabana ya ɗebi kanwa da gishiri ya watsa, ya motsa da itace. Na tambaye shi ruwan mene ne wannan. Ko ɗar bai ji ba, ya ce na tsohuwata ne, ya kusa yin zafi, in ƙara haƙuri.

Ban san lokacin da zanen ya faɗi daga hannuna ba. Na iske mai masaukin a zaure yana kurɓar shayi. Na faɗa masa abin da na gani. Na ɗauka zai musa, ko ya ji kunya. Sai ya ajiye kofi ya ce:

"To, Malam, ba zafi take nema ba? Ruwa ai ruwa ne."

Wannan maganar ce ta kwance min kai. Na ci kwalar rigarsa na miƙar da shi tsaye. Na faɗa masa tsohuwar nan ta yi yini biyu ramuka suna buga mata gwiwa, ta baro 'yarta a bakin haihuwa, ba don ruwan rijiyarsa ba, rijiya muna da ita a Gummi, itace ma muna da shi. Na kira shi da sunayen da ban taɓa kiran kowa da su ba. Mutane suka taru. Na ɗaga hannu ke nan, sai na ji muryar Inna daga bakin ƙofa, tana dafe da bango.

"Kai wanga, sake shi."

Na sake shi. Muka koma ɗaki, ina huci, ina neman yadda zan fara yi mata bayani. Ta riga ni. Ta ce tun ranar farko ta gane. Ta ce ita da ta yi shekara arba'in a gaban murhu, warin hayaƙi a ruwa ba zai ɓace mata ba.

Na ce, "To Inna, mi ya hana ki hwaɗa min?"

Ta ce, "Na ga kana jin daɗi. Ka kawo uwarka gida mai kwano, kana ta kallona kana murmushi. Sai in ɓata maka?"

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Na goya ta a bayana muka gangara. Abin da na tarar ya ƙara min wuta. Wurin mata daban yake, an kewaye shi da zana mai tsawo, duwatsu sun tare ɗaya gefen, ko tsuntsu sai ya yi da gaske zai leƙa. Ƙarya ya shirga min tun daga tushe. Tsohuwar mai gidan jinka ta fito, ba ta tambaye mu inda muka kwana ba, ta kama hannun Inna ta shige da ita. Da ta dawo ta ce min masu irin wannan ciwo sukan yi kwana uku suna shiga safe da yamma kafin su ji wani abu. Mu kuwa daga hantsi zuwa azahar ya rage mana.

Ina zaune a kan dutse na ji ƙahon motar abokina. Na roƙe shi mu ƙara kwana biyu, ya ce in Inna ta yarda zai san yadda zai yi da masu kaya. Inna ta fito, fuskarta ta yi sheƙi, ta ce wannan ruwan daban ne, har cikin ƙashi take jin sa. Amma ta ce kwana uku ta faɗa, kwana uku sun cika, ɗiyarta na jiranta. Ba yadda ban yi ba. Muka kama hanya. Har muka iso Anka abokina bai ce min "na faɗa maka" ba, ni kuwa da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Gwiwar ta ɗan saki kamar mako guda, sannan ta koma yadda take. Na yi ta cewa mu koma, Inna ta ce tafiyar ta fi ƙarfinta yanzu. Bayan shekara huɗu Allah ya yi mata rasuwa.

Ba na cewa ruwan nan zai warkar da ita. Wataƙila ko wata guda ta yi a ciki ba abin da zai sauya. Amma da mun gwada, da mun sani. Mutumin nan ya hana mu sanin, ni kuma na taya shi, saboda kwano da katifa da "ranka ya daɗe". Rabin fushin da kaina nake yi, na yarda, kuma shi ne rabin da ya fi ciwo.

Inna ta yafe masa tun kafin mu bar garin, ta ce ni ma in yafe. A rayuwata na yafe wa mutanen da suka yi min abin da ya fi wannan girma, har mun ci tuwo tare. Shi kuwa ko sunansa ban riƙe ba, wataƙila ma ya daɗe a ƙasa. Na tsufa yanzu, nawa gwiwoyin sun fara magana, kuma har yau ban iya cika wa Inna wannan umarnin ba.