Tarin da Aka Ce Mini Sammu Ne

A shekarun da nake magana a kai, turara shinkafa nake yi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, maigidana kuma yana noman rani a bakin kanal. Tari ya kama ni, na ɗauka hayaƙin murhu ne, har na rame, zobe ya fara zamewa daga yatsana. Ranar da na tofar da jini aka kai ni asibiti, aka gwada, aka ce tarin tibi ne.

Ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni, ta ce wannan ƙwayar cutar ba kamar sauran take ba. Bangon jikinta maiƙo ne mai kauri, kamar kakin zuma, magani ba ya ratsa shi da sauri. Shi ya sa sai an yi wata shida ana sha ba fashi. Ta ce in na ji sauƙi na ajiye, ƙwayoyin cutar da suka saura za su taso, kuma wataƙila maganin ya daina cin su.

A gida kuwa, yayan maigidana ya yanke cewa sammu ne daga abokan sana'a. Da ya ji fitsarina ya koma ja, ya tara dangi ya ce ƙwayoyin asibiti ne suke tsiyayar mini da jini, alhali an gaya mini tun farko launin maganin ne. Ya kawo jiƙo, ya ce a zubar da na asibiti. Maigidana ya sunkuyar da kai. Na durƙusa yadda aka saba, na ce, “Yaya, ka yi haƙuri, huhun nawa ne. Ba zan ajiye ba.” Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. Masu kawo mini shinkafa suka janye, a gidan biki ana matsawa in na zauna. Na ci gaba da haɗiya, ga tashin zuciya, ga gori.

Na warke, gwaji ya tabbatar. Abin da ke cin raina shi ne wata maƙwabciyata da muka fara sha tare. Ta ji ƙarfi, aka matsa mata, ta ajiye. Ba ta ga girbin da ya biyo ba.

Har yau ban ba kowa haƙuri a kan taurin kaina ba, ba kuma zan bayar ba. ’Yar’uwa, jin sauƙi ba warkewa ba ne. A kira ki mara kunya, ki shanye maganinki. Masu cewa ki ajiye ba su ne za su raini ’ya’yanki ba.