Taƙi Ɗaya Daga Yola

A bangon ajina akwai tsohuwar taswirar jiharmu, kuma a jikinta, dab da Yola ta ɓangaren yamma, akwai ɗigon shuɗin biro. Kowace shekara sai an sami mai kaifin ido cikin sababbin yara ya tambaye ni wanda ya ɓata taswirar. Da murna suke tambaya, don sun san halina: ko yatsa mai maiƙon ƙosai ka kai kusa da ita, sai ajin da ke maƙwabtaka da mu ya ji muryata. So suke su ji irin hukuncin da mai laifin ya sha. Idan na ce musu ni ce na yi da hannuna, sai su yi tsuru-tsuru suna kallon juna.

Ni mutuniyar kudancin Adamawa ce. Aikin koyarwa ya kawo ni Jimeta tun ina budurwa, na yi aure, na zauna a unguwar Demsawo har yau. A firamare kowa yana koyar da komai, amma labarin ƙasa shi ne abin da nake yi da zuciya ɗaya. Yaran yanzu suna da taswira a wayar iyayensu, su ja ta da yatsa ta buɗe ta rufe, amma ka tambaye su ina gabas, sai su nuna maka silin.

Shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka mamaye garuruwan arewacin jihar, Jimeta ta cika da mutane. Kowane gida da baƙi, coci da masallaci da baƙi, ajina kuwa har kan taga ana zama. Hedimastanmu, wani dattijo ɗan cikin garin Yola da muke kira Baffa, ya ce duk yaron da ya zo a karɓe shi, ko da yunifom ko babu. Na yi ta mita a ofishinsa kan benci da alli. Ya bar ni na gama, ya ce in je in ci gaba da haƙuri.

Cikin waɗanda aka kawo min akwai wata siririyar yarinya, ba ta wuce shekara tara ba, daga wani ƙauye a bayan Michika. Goggonta ce ta kawo ta, ita ce kuma ta ba ni labari a bakin ƙofa. Uban yarinyar ya daɗe da rasuwa. Ranar da aka shiga ƙauyensu uwar tana gona, yarinyar kuma tana gidan goggon, sai goggon ta fizgi hannunta suka bi duwatsu. Sun faɗa Kamaru, sun yi kwanaki suna zagaye a ƙafa, daga baya babbar mota ta kwaso su zuwa Yola. Uwar ba ta da waya, kuma ba wanda ya ce ya gan ta, a raye ko a mace.

Yarinyar ba ta da surutu, amma idonta ba ya barin taswirar nan. A makarantar ƙauyensu ba ta taɓa ganin irinta ba. Wata rana da aka fita tara, na ɗago kai na gan ta tsaye a gabanta, hannuwa a baya kamar yadda na kafa doka. Ta tambaye ni ko garinsu yana ciki. Na ce ƙauyensu ya yi ƙanƙanta, amma ga Michika, kusa da nan yake. Ta ce to ina muke yanzu, na nuna mata Yola. Na bi mata jan layin titi da kan biro: a haye gadar kogi, a wuce Girei, Song, Gombi, a yi ta tafiya arewa. Ta nemi in nuna mata ta inda suka biyo, na zagaya da hannu ta cikin Kamaru.

Sai ta roƙe ni ko za ta iya taɓawa. Ni da ba na bari, ranar na ce ta taɓa. Ta ɗora babban yatsa a kan Yola, ta buɗe ɗan hannunta iya buɗewa, yatsan tsakiya ya kusa kai Michika. Taƙi ɗaya ke nan. Ta yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, ni ma na ji daɗi ƙwarai, har na ba mijina labari da yamma cewa na sami ɗalibar kirki.

Washegari ba ta zo ba. Ban damu ba da farko, don yaran gudun hijira yau suna nan gobe an tafi da su wajen wani ɗan'uwa. Sai wajen hantsi ga goggon ta zo kawo mata abin karyawa da ta manta. Da ta leƙa ba ta gan ta ba, sai ta riƙe ƙofa. Ta ce tun da sassafe yarinyar ta fita da yunifom, kuma yanzu ta tuna ba ta ga gorar ruwansu ba, da ragowar burodin jiya.

Na waiwaya na kalli taswirar, nan take na gane inda ta nufa.

Wanda bai zauna a Jimeta a wancan lokaci ba, ba zai fahimci irin tsoron da muka ji ba. Hankalin kowa a tashe yake, don ana ta jin labarin yara mata da ake ɗaura wa bam. Yarinyar da ba a sani ba, ita kaɗai, riƙe da abu a leda, tana iya sa mutane su watse a guje, kuma mai tsoro ba ya tsayawa tambaya. Baffa bai tsaya jin ƙarshen bayanina ba, ya ɗauko makullin tsohuwar motarsa, wadda sai an tura take tashi. Ni da goggon muka tura. Muka haye gada, muna tsayawa a kowane shinge muna tambaya. Wani soja ya ce ya ga 'yar makaranta tana bin bayan wasu mata masu kaya, ya ɗauka 'yarsu ce.

A Sangere muka same ta, kafin a kai Girei, rana ta take. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin titi ce ta tsare ta. Ta ce ta ga yarinya tana ɗingishi, silifa ɗaya ya tsinke, ta kira ta da Fulatanci ba ta amsa ba, ta kira da Hausa. Da ta tambaye ta ina za ta, sai yarinyar ta ce Michika, wai ko an kusa. Tsohuwar ta ce mata an kusa mana, ta zauna ta sha ruwa tukuna, ta ba ta gyaɗa ta ɓare mata. Haka ta yi ta ƙirƙiro mata aiki tana jiran Allah ya kawo masu ita. Baffa ya yi mata godiya da Fulatanci, yana ta kiranta Dada, wato uwa.

Goggon ta ɗaga hannu za ta kai mata mari, hannun ya tsaya a sama, ta fashe da kuka. Ni kuwa da na tanadi faɗa tun daga gada, na neme shi na rasa. Na durƙusa na tambaye ta me ya sa. Ta dube ni ba tare da wani tsoro ba.

"Malama, ai kin gani, hannuna ya kai. Zagaye muka yi shi ya sa muka daɗe. Mama ba ta san inda nake ba."

A hanyar dawowa goggon ta ce a cire wannan takarda daga bango. Baffa ma ya goyi bayanta, ya ce a naɗe ta a ajiye a ofis har ƙura ta lafa. Nan fa halin nawa ya dawo. Na ce ko an ƙona taswirar, yarinyar ta riga ta haddace hanya, gada, Girei, Song, tana iya karanto musu yanzu. Gobe za ta sake fita, kuma ba kullum ake samun mai gyaɗa a bakin titi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne ma'auni, wato yadda ake matse tafiya mai nisa ta zama ɗan layi a takarda. Da muka sauka daga gada, Baffa ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Ban ware ta ita kaɗai ba, don kada yara su mai da ita abin tsokana. Duk ajin na tasa. Na sa suka auna ɗakin da taku, muka zana shi a allo, kowane taku faɗin yatsa ɗaya. Suka yi ta dariya wai ga ajinmu ya koma kamar akwatin ashana. Muka fita muka auna filin makaranta, suka ga in har zai shiga allo, dole yatsa ɗaya ya ɗauki taku da yawa. Na ce to, wanda ya shigar da jiha sukutum cikin takarda fa, nawa ya matse? Nan dariya ta ragu, masu kai suka fara ganewa.

Da aka tashi na ce ta tsaya. Na zo da farin zare daga kayan ɗinkina. Muka kwantar da shi a kan jan layin, tun daga Yola har Michika, yana bin kowace kwana, na yanke. Sannan na ce bari mu auna tafiyar da ta yi, tun sassafe har rana tsaka, wadda ta tsinka mata silifa ta kumbura mata ƙafa. Na nuna mata daidai inda Sangere za ta kasance. Ta ɗora yatsa, farcenta kaɗai ya rufe tafiyar gaba ɗaya.

Na miƙa mata zaren. Ta fara auna shi da farce, tana matsawa kaɗan-kaɗan, leɓenta yana motsi. Ba ta kai rabi ba ta tsaya. Ta daɗe tana kallon abin da ya rage yana lilo a hannunta.

"Ashe da nisa," in ji ta.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye zaren a kan teburina, ta ɗauki jakarta ta fita. Daga ranar ba ta sake yunƙurin tafiya ba, abin da nake so ke nan, na kuma samu. Amma ta roƙi a canza mata wurin zama zuwa inda ba ta fuskantar taswirar, kuma wancan murmushin ban ƙara ganinsa ba. Abin ya dame ni sosai. Na san da za a sake, haka zan sake yi, amma duk da haka akwai ranakun da nake shiga aji in ji haushin takardar nan kamar in yage ta.

Haka muka ci zafin bazara, damina ta sauka. 'Yan gudun hijira suna da wata ɗabi'a a lokacin: duk inda suka ji mai yarensu, sai sun tsayar da shi sun tambayi 'yan wane gari ne a inda yake zaune. Goggon ta fara gasa masara a bakin titi, tana sarowa a kasuwa wajen masu kawowa daga gonaki. Wata safiya ta ji wata mata tana ciniki da karin harshen garinsu. Ta yi tambayar da ta saba yi ba tare da sa rai ba. Matar ta ce daga Namtari take, suna da yawa a can suna ƙwadago a gonakin mutane, kuma akwai wata mai wushirya 'yar ƙauye kaza, kullum cikin cigiyar 'yarta take. Goggon ta bar buhun masarar a nan ta hau mota.

Ranar Litinin ina rubutu a allo na ji aji ya yi tsit. Na juya, ga yarinyar a ƙofa riƙe da hannun wata mata doguwa, ramammiya, mai wushirya. Ban san lokacin da allin ya faɗi ba. Na rungume matar kamar na santa, ita tana magana da yarensu, ni ina amsawa da Hausa, ba mai jin wani. Yara suka yi ta tafi, har Baffa ya fito daga ofis ya ga ko lafiya.

Da hayaniya ta kwanta, yarinyar ta ja uwar zuwa gaban taswirar. Ta nuna mata Michika, ta nuna mata Yola, tana bayani da yarensu kamar wata malama. Sai ta juyo ta tambaye ni ina Namtari. Na duba, babu ita, ta yi ƙanƙanta kamar ƙauyensu. Na zaro biro daga gashina na ɗiga mata a inda ya kamata, yamma da Yola. Ajin gaba ɗaya ya ja numfashi, don sun ga Malama da kanta ta rubuta a jikin taswira.

Ta ɗora yatsa tsakanin Yola da ɗigon. Farcenta ya kusa rufewa, saura ƙiris. Ta tambayi uwar wani abu, uwar ta amsa. Na ce me ta ce? Ta ce wai tun lokacin girbin bara uwar take can, tun kafin a kawo ita yarinyar ajina.

Ba ta ɗauke yatsan ba. Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, kamar dai mai ba da amsar lissafi.

"Malama, da hanyar yamma na bi ranar nan, da na isa."

Na mai da biron cikin gashina. Uwar ta taɓa kafaɗata tana tambaya da ido ko wani abu ya faru. Na girgiza kai, na jawo mata kujerata ta zauna.