Ranar da Muka Zaunar da Mai Tsaron Raga Gaban Kwamfuta

A zamanin mulkin soja ina gyaran kwamfuta a shagon wani attajiri a Kasuwar Libiya, can Omdurman. Wata shekara ya shigo da kwamfutoci masu yawa, dukansu ɗauke da sabuwar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Kafin kayan su iso sunan manhajar ya riga ya ɓaci. Ɗalibai daga Khartum sukan kunna, su ga nauyin jikinta, su yi tsaki su fita.

Maigidan ya ji cewa a ƙasashen waje wani shahararre aka ɗauko yana yi mata talla. Ya ce shi ma a nemo masa fuskar da mutane suka sani. Ni na kawo sunan abokin mahaifina, tsohon mai tsaron raga da Omdurman ta taɓa ɗauka a kafaɗa. Bahaushe ne kamarmu, iyayensa sun yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira. A lokacin yana zaune a unguwar Mayo da ke Khartum, gwiwoyi sun mutu. Baba muke ce masa.

Ya yi murna ƙwarai. Ya sa aka wanke masa jallabiya, ya naɗa rawani. A cikin bas ya roƙe ni in koya masa kada ya ba ni kunya, na ce maɓalli ɗaya kawai zai danna. Na san na'urar takan daskare in ta ɗauki zafi, na kuma faɗa wa maigidan, ya ce fuskar tsohon za a zo kallo.

Aka kafa rumfa da lasifika, jama'a suka cika layin. Baba ya yi bisimilla ya danna. Allon ya tsaya cak, sannan ya koma shuɗi. Aka fara dariya. Maigidan ya karɓi lasifika ya ce da Larabci kada a ga laifin na'ura, hannun Fallata, sunan da suke kiran irinmu da shi, don tsinkar auduga aka yi shi. Kasuwa ta kece da dariya. Daga nan ya kira ni in nuna musu.

A ƙarƙashin tebur akwai wata kwamfuta mai tsohuwar manhaja da na yi wa kwalliya ta yi kama da sabuwa. Na sunkuya kamar ina duba waya, na mayar da allon kanta, na danna, komai ya tafi sumul. Aka tafa mini, kuma na ji daɗin tafin. Ranar mun yi ciniki irin wanda ba mu yi ba tun zuwan kayan.

A hanyar komawa, da muka haye gada, Baba ya juyo gare ni.

"Ɗana, ni na ɓata ta?"

"E, Baba. Kun danna da ƙarfi."

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Washegari ya tako da sandarsa har gidanmu ya ba mahaifina haƙuri, wai ya kusa jawo wa ɗansa asarar aiki. Mahaifina ya kira ni ya ce in yafe wa tsoho, tsufa ne. Na durƙusa a gabansu na ce na yafe.

Bayan shekara biyu ya rasu. Da ni aka ɗauki gawarsa, ban kuma faɗa wa mahaifina gaskiya ba har shi ma ya bi shi.