Mai Sanarwar Rasuwa na Sanaiya

A Doha bakanike ake ce wa Moro, amma can gida a Kumasi shi ne mai karanta sanarwar rasuwa a ƙaramin gidan rediyon Zango, wanda hukuma ta yanka wa gurbi a layin FM, cikin ɓangaren da ake ware wa al'umma ba don kasuwanci ba. Mutum ya cika da safe, kafin azahar Moro ya tara masa jama'a.

A Sanaiya, unguwar gareji da leburori ta Doha, abin da ke cin ransa shi ne ɗan Zango ya mutu shiru ba a ji ba. Ya tare Injiniya Mansur, Bakanon da ke kawo musu mota.

"Injiniya, ina ake ba talaka gurbin rediyo a nan?"

"Malam Moro, iska ma da lasisi take. Kai da ke ƙarƙashin kafil, ubangidan da ke riƙe da takardunka? Ka manta kawai."

Ina Moro ina mantuwa! Da korona ta zo aka rufe Sanaiya, ba shiga ba fita, masallaci a kulle, sai ya ɗauko 'yar na'urar nan da ake jonawa a mota don tura sautin waya zuwa rediyo. Ya laluba ƙasan layin FM, ya sami wurin da ba kowa. Muryarsa ba ta wuce katangar masaukinsu, amma ranar da abokin aikinsa Dramani ya rasu a asibiti, Moro ya yi sanarwa, ya ji "Allah ya jiƙansa" tana fitowa ta tagogi. Ya yi kuka ranar, har da na daɗi.

Ana tsakiyar gasar cin kofin duniya mahaifiyarsa Alimatu ta rasu a Kumasi. Gareji ya cika maƙil, aka hana shi hutu. Ya shiga wata mota mai jiran gyara, ya jona na'urar. Ashe wata babbar tasha ta zauna daram a gurbinsa, mai sharhi sai ihun ƙwallo yake. Ya murza sama, ya murza ƙasa, ko'ina da mai shi. Muryarsa ta tsaya iya cikin motar.

Duk da haka ya gyara murya, ya faɗi sunanta da na mahaifinta, ya ce jana'iza bayan la'asar a ƙofar gida, ana roƙon duk wanda ya ji ya halarta.

Shugaban gareji ya ƙwanƙwasa gilashi. "Yalla, yi sauri, Moro, mai mota ya iso."