Layin da Babana Ya Bi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan fili, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne da bai kai ashirin ba, na gama sakandare ina jiran sakamako, ba aiki ba sana'a, sai tsawon ƙafa da yawan tambaya. A Agege aka haife ni, can na tashi cikin Yarbawa, har gwaggona kan ce Hausata ma ta sha manja. Babana direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Da aka ce gwamnati ta tashi daga Legas ta koma Abuja, sai aka kwaso mu da katifu da tukwane a bayan babbar mota, aka sauke mu a wani kwatas a Garki. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a kan wannan duk labarin yake.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin babana ya kira sunana ba. Ƙannena kuwa yana kiransu, yana tsokanarsu, autarmu har kan cinyarsa take cin tuwo. Ni in yana nemana sai ya ce wa ƙanina ya kira wancan, in zai yi maganata da mahaifiyata sai ya ce yaron nan. Na san ana ce wa wannan kunyar ɗan fari, na sha ji a bakin manya. Amma sanin sunan abu daban, fahimtarsa daban. Ni na girma ina ganin iyayen abokaina a ranar wasannin makaranta suna ihu da sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dushe. Ba wai ina jin haushinsa ba ne a lokacin, a'a. Abin da ya tsaya mini a rai tambaya ce kawai: shin akwai wani abu a ƙarƙashin wannan shirun, ko kuwa shirun ne kawai? Ina kallonsa kamar tukunya a rufe, ina so in ɗaga murfin.

Abujar wancan lokaci ba irin ta yau ba ce. Tituna ne faffaɗa ba mutane, shanun Fulani na tsallaka sabuwar kwalta ba mai yi musu hon. Da Juma'a ta yi manyan ma'aikata sai su tsere Legas ko Kaduna, a bar mu da kaɗaici. Abin da ya cece mu shi ne shagon wani Bakatsine a bakin kwatas, mai sayar da kayan masarufi, wanda yake da talabijin da bidiyo da tarin kaset-kaset na ƙwallon kwandon Amurka. Mun kalle su har hoton ya fara rawa. A nan ne wani abokina ɗan Binuwai, ɗan maƙwabcinmu, ya kawo mana wani wasa da ya ce sunansa diraf. Kowa zai zaɓi 'yan wasa biyar daga cikin waɗanda muke gani a kaset, ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, kuma wanda wani ya riga ya ɗauka ya fita daga hannunka. Daga nan sai a haɗa mutum biyu, kowa ya tashi ya kare biyar ɗinsa da baki, jama'a su yanke wace ƙungiya za ta ci in da za su haɗu. Wanda ya faɗi ya fita, wanda ya ci ya wuce gaba.

Kai, wannan abu ya shiga raina! Ƙungiyar da ba ta taɓa taka fili ba, sai a cikin kawunanmu, amma mu kwana mu tashi muna gardama a kanta. In ka tara dogaye wa zai gudu da ƙwallo? In ka tara masu jefawa wa zai miƙa musu? Mai gadin kwatas ya taɓa tsayar da ni yana tambaya da gaske ko su waɗannan dogayen sun san an zaɓe su, kuma wa zai biya musu kuɗin jirgi. Da na ce masa ba za su zo ba, ya dube ni ya ce to lallai zaman banza ya yi mana yawa, amma duk Asabar shi ne na farkon zuwa.

Yadda muke zaɓen shi ne ya jawo komai. A shekarun nan gwamnati ta kawo salon zaɓe na bin layi, inda mutum zai je ya tsaya a bayan wanda yake so a ƙirga shi ido na ganin ido. Mu ma sai muka kwaikwaya. Bayan la'asar masu takara biyu su tsaya a gaban shago, jama'a su yi layi a bayansu, mai shago ya bi yana dafa kafaɗu yana ƙirgawa. Ba ɓoye-ɓoye, kowa ya san inda kowa ya tsaya.

Abokina ɗan Binuwai taurari ya kwashe, waɗanda hotunansu ke jikin riguna. Ni kuwa na ɗauki wani gajere mai raba ƙwallo, da masu tsaro biyu da ba a cika yi musu tafi ba, da dogo ɗaya a ƙarƙashin kwando, da wani mai jefawa daga nesa. Aka yi ta yi mini dariya, amma zagaye bayan zagaye ina wucewa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne irin mutanen da ke layina: dattawa, direbobi, masinjoji, mutanen da ban taɓa ganin sun zauna gaban kaset ba. Ni da wautata na ɗauka iya bakina ne ya jawo su, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Babana ma yana zuwa, amma ba wurinmu ba. Akwai wani benci a gefen shagon, can yake zama da rediyonsa a kunne, ya ɗan juya mana baya, yana cin goro. Bai taɓa shiga layin kowa ba, bai taɓa ɗaga kai in ina magana ba. Ni kuma duk lokacin da nake kare biyar ɗina, rabin hankalina na kan bencin nan. Yana ji? Ya san ma ni ne ke magana? In ba ya ji, me ya kawo shi duk Asabar?

Ranar ƙarshe ni da abokina muka rage. Muka yi bayani, aka yi layi, mai shago ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ya ce kunnen doki. Wani ya ce a jefa kwabo. A nan ne bakina ya ja mini. Na ɗaga murya na ce ai akwai wanda bai yi zaɓe ba, na nuna bencin. Wallahi ba don kyautar ba ne, ƙwallo ce kawai da wata riga. So nake in ɗaga murfin nan, kuma na ga dama ta samu. Mai shago ya zaro mini ido, ya girgiza kai, ya ce in bar Malam ya ji labaransa. Na ƙi. Samarin kwatas, waɗanda yawancinsu ba su san wata kunyar ɗan fari ba, suka ɗauki tafi suna kiran Baba ya zo ya tsaya wa ɗansa. Babana ya kashe rediyo, ya miƙe, ya gyara hula. Ya taho a hankali har ya zo daf da ni, har na ji ƙamshin turarensa. Sai ya wuce ni. Ya je can ƙarshen layin abokina ya tsaya, idonsa a kan takalminsa. Wurin ya fashe da dariya da ihu, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce wa kaina to, na tambaya an ba ni amsa: tukunyar ba komai a cikinta. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa sani ba. Da makaranta ta samu na zaɓi mai nisa, hutu kuma in tafi Agege wurin kawuna. In na zo gida gaisuwa ce a tsaye, in ya shigo falo in fita. Yakan aiko direbobi abokan aikinsa da garin kwaki da sukari da sabulu, su ce an ce a ba yaron nan, ni kuma in ce aikin mahaifiyata ne. Ita ma ba ta taɓa zaunar da ni a kan maganar ba, don kunyar da ke kansa tana kanta. Haka shekaru suka tafi, har na fara aiki, har ya yi ritaya ya koma Kuje yana ɗan noma.

Wata rana na shiga kasuwar Wuse neman abin da ban ma tuna ba, sai na ji an ce ga mai gajeren nan mai raba ƙwallo. Na waiga, sai ga mai shagonmu na kwatas, gemu ya yi fari. Ya ja ni ciki ya ba ni kujera, muka yi ta tuna baya. Da na ce masa ni fa ranar nan ba ta bar ni ba har yau, sai ya daina dariya, ya tambaye ni ko da gaske ba wanda ya taɓa gaya mini. Ya ce babana yakan zo shagon da hantsi ranar Lahadi, lokacin da ba ma nan, ya sa a saka masa kaset, ya ce a nuna masa waɗanne ne na yaron nan. Mutumin da bai san ko mutum nawa ke shiga fili ba, ya zauna yana tambaya har ya gane abin da mai tsaro ke yi, har yana gardama da shi mai shagon. Sannan a wurin da direbobi ke jiran ogoginsu ya riƙa bi ɗaya-ɗaya yana cewa akwai wani yaro a kwatas da ya haɗa ƙungiya mai hankali, su je su gani. Bai taɓa cewa ɗansa ne ba, su ma ba wanda ya ce masa sun sani. Ashe dattawan nan da ke layina duk shi ya turo su.

Na ce to me ya sa ya bi wancan layin? Mai shago ya ce ai ni na kai shi can. Ya ce mutum irin babana, wanda aka yi wa tarbiyyar ƙauye ta da, a kira shi a bainar jama'a ana tafi a ce ya tsaya bayan ɗansa na fari, kamar an ce ya tuɓe riga ne a kasuwa. Zama kuma ya ƙi tashi wulaƙanta masu kiransa ne. Hanya ɗaya na bar masa, ita ya bi. Ya ce bayan kowa ya watse babana ya koma bencin ya zauna har aka kira magariba, bai sake kunna rediyon ba.

A ƙarshen makon na tafi Kuje. Na same shi a tsakar gida yana ɓarar masara, na durƙusa na gaishe shi, wannan karon na zauna. Na rasa ta inda zan fara. Sai na juya wurin mahaifiyata da ke zaune a gefe na ce mata, yadda zai ji, na haɗu da mai shagon Garki kuma mun daɗe muna hira. Babana ya ci gaba da ɓarar masararsa yana kallon kaji. Can sai ya ce mata ta gaya wa wancan, biyar ɗinsa sun fi na ɗan Binuwai ta kowace fuska, gajeren ya iya rabo, masu tsaron ba su da wasa, dogon ma ba laifi, amma shi mai jefawa daga nesan ba ya komowa tsaro, kuma tun lokacin yake so a gaya masa. Na yi dariya, na yi dariya, har na ga hawaye ne ke zuba. Shi kuwa bai ɗago ba, sai dai ya turo kwanon masarar gabana da ƙafa don in taya shi. Har Allah Ya karɓi ransa bai kira sunana ba, kuma daga ranar ban sake buƙatar ya kira ba.

Yanzu 'yata ta fari ita ma tana irin wannan wasa a waya, ita da ƙawayenta, ana jefa ƙuri'a ba wanda ya ga wani. Nakan zaɓe ta, kuma nakan gaya mata na zaɓe ta, ko da yake wani lokaci in zan kira sunanta sai in ji harshena ya yi nauyi, in tuna daga inda na fito. Iyaye, yaran da suka tashi a garuruwan da aka cakuɗa ba lallai su iya karanta shirunku ba. In bakinku ba zai iya ba, ku nemi wanda zai faɗa musu. Ku kuma matasa, don Allah kada son sani ya sa ku ja babba tsakiyar fili ku ce sai ya nuna muku zuciyarsa a gaban mutane. Zai iya ba ku amsar da ba ita ce a ransa ba, ku ɗauke ta ku tafi da ita shekara da shekaru kamar yadda na yi. Duk tsawon fushin nan ina kallon mutum ɗaya ne da ya bi wancan layin, ban taɓa waiwayawa na dubi waɗanda ya tara a bayana ba.