Jinyar Inna da Fitar La'asar

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, ni aka bar wa jinya a gidanmu na Balan. Mu huɗu ta haifa. Mazan uku duk suna birni, ni kaɗai ce mace, ga shi mijina ya rasu, saboda haka ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Ni ce wanki, ni ce juya ta a shimfiɗa, ni ce ba ta kunu a baki. Su kuwa tasu jinyar a waya take. Su kira su ce, "A dai yi ta haƙuri, lada ne." Har yau kalmar nan tana ɓata min rai idan ta fito daga bakin wanda bai taɓa wanke zanin fitsari ba.

Da damina ta yi nisa sai na fara mantuwa. In yi miya ba gishiri, in fashe da kuka ina tsakar shara. Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin rijiya, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gafasa da muke kira Gwaggo, ta sa ni a adaidaita sai asibiti a Gaya. Ma'aikaciyar ta auna jinina, ta dube ni ta ce, "Yaushe rabonki da cin abinci a zaune?"

Daga nan na sauya. Ina fara cin nawa tuwon, a zaune, kafin in ba Inna. In ta yi barcin rana ni ma in kwanta, wanki ya jira. Bayan la'asar Gwaggo ta shigo ta zauna da ita, ni kuma in bar waya a ɗaki, in taka zuwa gonar gyaɗarmu, in cire takalmi, in zauna a gindin gawo. Ba na yin komai. Numfashi kawai nake.

Wata Juma'a babban yayana ya zo ba sanarwa. Na dawo na same shi tsaye a tsakar gida cikin farar shadda.

"Yawo kike, kin bar uwarki a hannun maƙwabta?"

"Yaya, iska na je sha."

"Shan iska? Mai jinya?"

Na ce, "To ga ka, Allah ya kawo ka. Lokacin juya ta ya yi, shimfiɗar ma ta jiƙe. Bismillah."

Ya shiga ɗakin. Ina jin sa yana nishi, bai san ma ta inda ake kama ta ba. Da ya fito hannun rigarsa a jiƙe, bai kalle ni ba. Kafin magariba ya kama hanyar Kano, daga baya kuma ya bi dangi yana cewa na yi taurin kai.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban daina fita ba. Inna ta ƙara damina biyu a hannuna. Wata rana ma ita ta lura rana ta yi sanyi, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna min ƙofa.